Ƙauyen da Ya Ci Kyautar Tsafta da Kabari Talatin da Ɗaya

Sati uku ke nan yau, ina tsaye a layin kananzir da galan ɗina tun hantsi, na ga Inna Asibi ta wuce da kayanta a kafaɗa, kuma babu randa ko ɗaya a ciki. Kasko ne, da 'yan tukwanen miya, da asusu biyu. Wanda ya san kasuwar garin nan ya san Inna Asibi maginiya, ya kuma san randa ce sana'arta. Ruwan randarta ya fi na firjin manya sanyi, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta.

Kananzir dai ban samu ba. Saura mutum huɗu layi ya zo kaina mai famfo ya ce ya ƙare. Can wata farar mota ta tsaya, direba ya fito da jarka uku, sai famfon ya tuna ashe yana da saura. Kowa ya yi ta surutu, ban da ni. Kun san ni, masu karatu, idan na buɗe baki a cikin mutane ko ni kaina ba na jin abin da na ce. Shi ya sa nake damun ku a shafin nan.

Na ɗauki galan ɗina na bi Inna Asibi rumfarta.

"Inna, ina randuna? Gwaggona ta ce in duba mata ɗaya."

"Randa ta tafi maƙabarta, 'yar nan."

Ta ga ban gane ba, sai ta yi mini bayani tana jera kasko. A ƙauyensu, can bayan Iku, wanda zan kira Tungar Yumɓu don kada mai garinsu ya shiga uku, ba sa sare itace su rufe kabari. Randa ake rabawa biyu a kife a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Babba yana cin randa biyu, yaro ɗaya. Kuma ba a sayar da randar kabari, sadaka ce, duk maginiyar da aka tarar da ita a gida ita ke bayarwa. Yanzu kuwa ita kaɗai ta rage mai gina manyan randuna.

Na ce, "Guda nawa kika bayar?"

Ta waiga dama da hagu. "So kike a daina sayen kayana?"

Sai da wata mai taya kasko ta wuce sannan Inna Asibi ta ce, ƙasa-ƙasa, tun ruwan farko zuwa yau randa arba'in da uku. Manya goma sha biyu, yara goma sha tara. Daminar bara duka randa bakwai ta bayar, mutum huɗu. A cikin na bana akwai 'yarta Binta da 'ya'yan Bintar biyu. Jika ɗaya ta rage mata, Laraba, 'yar shekara shida, kuma har yau daga rafin da ke gangaren ƙauyen take sha, don ba su da wani ruwan.

Ni ce kuwa da hannuna, da rubutuna mai kyau da ake yabo, na rubuta a babban jadawali cewa Tungar Yumɓu: sifiri.

Bari in koma baya kaɗan. Kun san amai da gudawan nan da likitoci ke kira kwalara, wanda ya shigo ƙasar nan shekara takwas da suka wuce bayan ya gama zaga ƙasashen duniya, ya sake leƙo mu da daminar bana. Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da kujeru masu laushi, ba su yi wata-wata ba suka kafa kwamiti. Aka naɗa masa shugaba, Mai Girma Uban Kwamiti, Garkuwan Fayil, Mai Sa Hannu Ba Ya Dubawa. Ni kuma aka aro ni daga makarantar da nake koyar da lissafi, wai tunda na yi digiri a Zariya zan iya ja musu layi da rula. Aka yi shela cewa an samu rijiya ɗaya tak, ta kankare, mai murfi da famfon hannu, kuma za a haƙa ta a wurin da annoba ta fi yi wa ɓarna. Magana mai kyau. Saura a san wane wuri ne, kuma da me za a auna.

A zaman farko aka ce abin ai ba wuya, a ƙirga waɗanda suka kamu. Aka ɗauko rajistar asibiti. Unguwar Magajiya tamanin da takwas. Diko arba'in. Tungar Yumɓu babu.

Da yamma maƙwabcinmu a Unguwar Magajiya, Baba Bamalli, tsohon masinja mai rediyo a kunne kullum, ya tare ni a ƙofar gida.

"Malama Asama'u, ke ce kika rubuta mu ne na ɗaya?"

"Baba, rajista ce ta ce."

"To, ki gaya wa rajista surukaina na Iku sun daina cin tuwon gidana. Jiya rediyo ya ce Indiya ce ta fi kowa a duniya, yau kuma an ce Magajiya. Mu da Indiya ke nan."

"Baba, Indiya mutane ne suka yi mata yawa. Ko atishawa aka ƙirga ita za ta zo na ɗaya."

"Mu kuma me ya yi mana yawa?"

Washegari na duba rajistar da kyau, na gano abin da ya yi musu yawa: baƙi. Mutumin ƙauye idan ya kawo marar lafiya gari, gidan mai masaukinsa yake sauka, kuma idan akawun asibiti ya ce masa "daga ina?" ba zai yi butulci ya tsallake sunan wanda ya ba shi tabarma ba. Sai ya ce gidan wane, Magajiya. A cikin tamanin da takwas ɗin nan, goma sha ɗaya daga gidan Baba Bamalli suke. Gidan da ke da shi, da Iya matarsa, da akuya ɗaya, kuma duk ukun lafiyarsu ƙalau. Diko kuwa mararraba ce. Fasinja ya fara amai a mota tun daga hanyar Kaduna, direba ba zai jira ya ɓata masa kujera ba, a Diko zai sauke shi. Rabin arba'in ɗinsu ko ruwan garin ba su taɓa kurɓa ba.

Sifirin Tungar Yumɓu kuma ga yadda aka same shi. Motar kwamiti ba ta da mai, kuma an ce ko da mai hanyar ba ta biyuwa da damina. Sai aka aika fom da keke. Tambaya ɗaya ce a fom ɗin: mutum nawa kwalara ta kashe a garinku? Mai gari ya ce a rubuta babu. Ba ƙarya ya yi ba a ganinsa, domin ba likitan da ya taɓa zuwa ya ce kwalara ce, kwanansu ne ya ƙare. Kuma bai manta da zuwan annobar na farko ba, lokacin da ya faɗi gaskiya, duba-gari suka zo suka farfasa duk randar da ke garin, suka rufe musu kasuwa kwana arba'in, suka tafi ba su bar ko ƙwayar magani ba. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya ya koyi cika fom.

A zama na biyu Wazirin Jadawali, mataimakin Mai Girma, wanda ya dawo daga kwas na sati uku a ƙasar waje da sabon tabarau, ya miƙe ya ce ƙirga kawuna tsohon yayi ne, yanzu duniya kashi cikin ɗari take yi. A raba waɗanda suka kamu da yawan mutanen wurin. Wallahi har na ji daɗi, na ce yau boko ya yi rana. Sai aka zo neman yawan mutane.

Nan aka gane kowane gari a ƙasar nan yawan mutanensa iri biyu ne. Akwai na ranar ƙidaya, lokacin da ake jin za a raba makarantu, ranar da har wanda ke ciki da wanda ya yi ƙaura tun zamanin Turawa sukan fito a takarda. Akwai na ranar haraji, ranar da gari kan zama kufai, ba kowa sai tsofaffi da makafi. Tungar Yumɓu mutum dubu da ɗari biyu ce a takardar farko, tasa'in a ta biyu. Aka yi awa biyu ana gardamar da wacce za a raba, har Theophilus akawunmu mai buga tafireta ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, sifiri ne fa a sama. Ko da wanne an raba, sifiri zai fito."

Aka yaba masa, aka sha shayi.

Sai Waziri ya ce akwai wata unguwa da aka manta, ita ce Unguwar Manya, can kan tudu inda shi da Mai Girma da sauran masu ɗauke da nauyinmu suke zaune. Gida goma sha biyu, kuma a takarda mutum goma sha biyu, wato masu gidajen. Waɗanda suka kamu uku: kuku ɗaya, mai gadi ɗaya, da mai ba fulawa ruwa. Uku cikin goma sha biyu, kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Kowa a ɗakin ya firgita. Ko Indiya ba ta kai haka ba.

Na so in ce, ranka ya daɗe, ai kukun nan da mai gadi ba sa cikin goma sha biyun, an ƙirga su a wajen ciwo, ba a ƙirga su a wajen zama mutane ba. Na so in ce duk ukun sun warke, kuma unguwar tana da famfo har a bayan gida. Na buɗe baki. Waziri ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, ƙarin sukari kike so?" Na ce e.

To, a wannan hali nake na haɗu da Inna Asibi. Ranar Asabar na bi ta. Muka hau akori-kura zuwa Iku, daga nan muka taka. Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka ta hau da ni wani dutse da ke kallonta daga sama. Ba sai an yi digiri ba. Da damina tsohon kabari kore ne shar, ciyawa ta rufe shi. Sabo kuwa ja ne. Na ƙirga jajaye sau biyu, talatin da ɗaya, kuma ƙananan sun fi yawa. Inna Asibi ba ta ƙirga ba, rafi take kallo, inda Laraba ta tsuguna tana cika ƙwarya.

Na ce, "Inna, zan rubuta, amma ba sai na sa sunanki ba."

"Sa. Idan ba suna za su ce aljani ne ya gaya miki."

"Mai gari zai yi fushi. Matan gari kuma idan suka ji, ba mai sake zuba ruwan sha a randarki."

"Na sani, 'yar nan. Na fi ki sanin matan gari." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Su bar mini tukwanena. A haƙa rijiyar kawai, yarinyar nan ta daina shan wancan."

Dabarar da na kawo ba tawa ba ce, kuma ba ta da wuya. Idan ba ka san yawan mutanen gari ba, ba ka kuma yarda da sunan da aka ba ciwo ba, to, bar gwada gari da gari. Gwada kowane gari da kansa. Mutum nawa aka binne a daminar bara, nawa a ta bana? Mamaci ba ya sauka gidan mai masauki, ba ya ɓuya ranar haraji, kuma ba ruwansa da abin da likita ya kira ciwonsa. Baba Bamalli ya zaga mini wurin masu haƙar kabari na cikin gari, don su ba sa mantuwa, bayansu ke riƙe musu lissafi. Magajiya bara talatin, bana talatin da takwas, har da baƙin da aka binne a nan. Diko tara, bana goma sha biyar. Unguwar Manya bara babu, bana babu, sai wani kare da aka ce an yi masa jana'iza da akwati. Tungar Yumɓu huɗu, bana talatin da ɗaya. Kusan ninki takwas.

Na rubuta shi a shafi ɗaya, na haɗa da lissafin randunan Inna Asibi a matsayin shaida, na kai wa Theophilus.

Ya juya takardar gaba da baya. "Malama, fom ba shi da layin tukunya."

"Buga shi haka nan, don Allah."

"Ni zan buga. Amma wane fayil zai shiga? Takarda da ba shi da fayil, ko Mai Girma ba ya iya ganinsa."

Mai Girma dai ya ga takardar. Ranar Laraba aka ce yana kirana. Na shiga na durƙusa a gefen kafet, fanka tana ta kaɗa takardun da ke kan teburinsa, kowace an danne ta da dutse.

"'Yata, aikinki ya yi kyau. Randa bakwai bara, arba'in da uku bana! Mace ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, kabari ake rufewa da su."

"Ɗaga murya, 'yata."

Na ɗaga, irin ɗagawar da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. "Kabari ake rufewa da su, ranka ya daɗe. Mutum talatin da ɗaya. Sha tara yara ne."

Kada ku ce bai ji ba. Ya ji sarai. Ya cire hula ya shafa kai, ya ce Allah ya jiƙansu, na ce amin. Sannan ya mayar da hular.

"Likita ya sa hannu a kan randunan?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Mai garinsu ya sa?"

"Shi ya ce babu."

"To, kin gani. Mu ma'aikata ne, 'yata, da takarda muke aiki. Idan na karɓi lissafin tukwane yau, gobe mai sayar da likkafani zai kawo nasa, jibi mai haƙa kabari. Ina za a tsaya? Kuma an riga an aika sifirin nan sama, an yaba mana a kansa. A fannin lafiya wannan takarda ba hujja ba ce." Ya ɗan yi tunani, fuskarsa ta washe. "Amma a fannin sana'o'in hannu, babbar hujja ce."

Ya ja jan alƙalami ya rubuta wani abu a kusurwa. Takarda ta samu fayil.

Jiya aka yi bikin. An kafa rumfuna a fili, an jera lemon kwalba akwati-akwati, an kawo 'yan makaranta su yi waƙar wanke hannu. Motar kwamiti ta samu mai, hanya kuma ta biyu, domin an aika ta har Tungar Yumɓu ta ɗauko mai gari da mutanensa su zo su karɓi kyauta. Wannan ne zuwan motar na farko ƙauyen. Inna Asibi tana cikinsu da Laraba, ta sa zaninta na Salla. Ba wanda ya gaya mata komai sai cewa an karanta takardarta kuma Mai Girma da kansa yana nemanta. Ta hango ni ta ɗaga mini hannu. Ni kuwa na sa ido a kan rulata.

Mai Girma ya yi jawabi na minti arba'in a kan muhimmancin alƙaluma. Ya ce bayan bincike irin na zamani, an gano Unguwar Manya ce annoba ta fi addaba, kashi ashirin da biyar cikin ɗari, don haka can za a haƙa rijiya, kuma mazauna unguwar sun amince su jure ƙarar aikin saboda kishin ƙasa. Aka tafa. Baba Bamalli, da ke bayana, ya sunkuyo ya ce, "Alhamdu lillahi, Malama, Indiya ta huta, mu ma mun huta. Motocinsu kuma za su samu ruwan wanka."

Sannan aka kira mai garin Tungar Yumɓu aka miƙa masa garkuwar katako ta Ƙauyen da Ya Fi Tsafta, saboda ko mutum ɗaya bai kamu ba. Ya karɓa da hannu biyu yana kallon ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Garkuwa dai ba ta fasa randa.

Daga nan Wazirin Jadawali ya karɓi lasifika. Ya ce akwai kuma takardar yabo ta musamman ga wata jaruma, Malama Asibi maginiya, wadda buƙatar randunanta a ƙauyensu kaɗai ta tashi daga bakwai zuwa arba'in da uku a damina ɗaya, abin da ke nuna tattalin arzikin karkara ya kama hanya. Manya suka tafa da ƙarfi. Amma rumfar mata ba ta tafa ba. Matan garin nan sun san abin da ƙauye ke yi da randa arba'in da uku a damina ɗaya. Na ga wata ta raɗa wa wata, wata ta janye ɗanta daga kusa da Laraba, benci ya fara yin fili a dama da hagu.

Theophilus ya matso kusa da ni da takardar mahalarta. "Malama, na riga na ƙirga kowa. Ɗari uku da shida, duka sun yi farin ciki. Ki sa hannu."

Waziri ya sake kiran sunan. Inna Asibi ta miƙe, aka ƙara tafi, mai hoto ya gyara tsayuwa a gaban Mai Girma. Ta kama hannun Laraba, ta karɓe kwalbar lemon da aka ba yarinyar, ta ajiye a kan benci ba a buɗe ba. Ba ta dubi rumfar manya ba, ba ta dube ni ba. Ta bi ta bayan 'yan makaranta, ta wuce motar kwamiti da direba ke barci a ciki, ta kama hanyar Iku da ƙafa, ana kiran sunanta a lasifika karo na uku.